Abin da Lawal Ya Ajiye a Nijar

Ni ce Iyatu mai shinkafa da wake a Apo, wajen masu gyaran mota. Duk wanda ya taɓa jawo matacciyar motarsa zuwa layinmu ya san rumfata, in ba don abincin ba, to don bakina. Benci biyu gare ni, kuma a kansu ake raba duniya kullum da rana. A tuɓe shugaba, a naɗa wani, a rufe iyaka, a buɗe, duk kafin abincin mutum ya huce. Ni dai nawa zuba mai da yaji, sai in abin ya ishe ni in tsoma baki.

Cikin masu zama a bencin nan babu wanda ya kai Lawal shiru. Fanalbita ne, wato mai bugun jikin mota in ta lotse. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Jibiya, dab da iyakar Nijar. Da ya zo Abuja turin kurar ruwa ya fara yi, daga baya ya koyi riƙe guduma, hannunsa kuma ya faɗa. Za ka kawo masa ƙofar mota kamar an tauna, ya yi ta lallaɓa ta yana shafawa da tafin hannu har ta koma sumul. A Durumi gida ɗaya muke haya, ƙofarsa na kallon tawa, don haka na san shi ciki da bai. Shekarunsa da yawa a birni, amma ƙauyen bai fita daga jikinsa ba. Har gobe in zai gaishe ni sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ina ce masa tashi ɗan nan, ni ba hakimi ba ce. Mahaifinsa ya rasu tun yana saurayi, ban kuma taɓa jin ya kama sunansa ba. Sai dai ya ce marigayi.

Matarsa Rumasa'u 'yar tsallaken iyaka ce, daga wani ƙauye kusa da Ɗan Isa. Ya ce tsakanin garinsu da nata mutum kan tafi a ƙafa ya ci kasuwa ya dawo kafin la'asar. Yarinya ce mai sanyin hali, na ɗauke ta kamar 'yar cikina. Da cikinta na fari ya tsufa, a daminar 2023, aka zo aka tafi da ita gida goyon ciki, kamar yadda aka saba: ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego, in ta yi arba'in a dawo da ita. Ko wata ba ta yi da tafiya ba sojoji suka karɓi mulki a Nijar. Ƙungiyar Ekowas ta ɗauki zafi, Najeriya ta rufe iyaka, aka yanke musu wuta. Rumasa'u tana can, Lawal yana nan.

Ta haihu da kaka, namiji. A wayata aka turo saƙon murya, don ba za a aika wa uba irin wannan labari kai tsaye ba. Na same shi da safe yana ɗaura takalmi, na ce, "Lawal, an sauka lafiya. Namiji ne."

Ya ce, "To, madalla. Iya, an kawo wuta jiya kuwa?"

Wallahi haka ya ce. Amma na ga yatsunsa, igiyar takalmin nan sai da ta gagare shi.

Dole in tsaya in yi bayani, don 'yan zamani ba su san wannan ba. Yanzu uba kan ɗora hoton jariri a waya tun ba a yanke cibiya ba. A garin su Lawal kuwa ana kunyar ɗan fari. Uba ba ya kama sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban manya, ba ya cewa nawa ne. Uwar ma haka, in an tambaye ta sai ta ce na kakarsa ne. Ba ƙi ba ne, kawaici ne, kuma wanda ya karya shi an dinga nuna shi da baki ke nan. Ga ƙari a kan ƙari, sunan mahaifin Lawal aka mayar wa yaron ranar suna. Mata suka laƙaba masa Amir don a samu abin kira. Shi Lawal ko Amir ɗin ba ya faɗa.

Kullum da safe zai tsaya a ƙofata ya ce, "Iya, ko an ji labarin mutanen can?"

In ce, "Waɗanne mutane? Sojojin?"

Ya yi murmushin yaƙe ya sunkuyar da kai. Sai in kunna saƙon Rumasa'u in ƙure murya, ana jin kukan jariri a bayanta, shi kuma ya tsuguna a bakin rariya yana wanke fuskar da ya riga ya wanke. In an turo hoto, sai in bar wayar a kan tabarma in shige ɗaki kamar na manta wani abu. In na fito sai in tarar an juya ta. Ban taɓa ce masa komai ba, amma tausayinsa yana cina, haushinsa ma yana cina.

Arba'in ta zo ta wuce. Ba wai ba a tsallakawa ba ne, 'yan acaba suna bi da mutane ta daji. Amma dajin nan akwai 'yan bindiga, kuma baban Rumasa'u ya rantse mai jego da jariri ba za su bi ɓarauniyar hanya ba. Na ce wa Lawal to kai ka je mana. Ya ce, "Haba Iya. A ce na keta daji don in ga me? Da wane ido zan dubi surukaina?" Na ce da idon da Allah ya ba ka. Amma na san ba zai je ba.

A Apo ba wanda ya san wannan. Sun dai ji iyalinsa sun tafi gida, suka ɗauka Katsina ce. Abin da suka lura da shi kawai, mutumin da ba ya magana ya koma kullum kunnensa na jikin rediyo, kuma da an ambaci iyaka sai ya ajiye cokali.

Babban mai baki a bencina shi ne Hamani, Bazabarme daga Doso, mai sayar da tayoyin gwanjo. Ya daɗe a Abuja, amma zuciyarsa tana gida. Shi ba ya cewa Ekowas, Sedeyawo yake cewa irin na mutanen Nijar. Sai Friday, makanike daga Akwanga, wanda in bai zuga mutane ba abinci ba ya wuce masa. Ranar da rediyo ta ce Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar, a ƙarshen Janairu, Hamani ya iso rumfata hularsa a goshi, ya ce in ƙara masa ƙwai.

Ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kun yanke mana wuta, kun tare mana hanya. Tsohuwata tana kwance a Doso, maganin hawan jininta sai da aka yi ta nema kamar zinariya. Sannan a ce mu zauna inuwa ɗaya? Mun fita, kuma mun fita ke nan."

Friday ya ce, "Ku tafi mana, wa ya riƙe ku? Ni a gina katanga ma. Duk wanda zai shigo ya nuna fasfo da biza, kamar mai zuwa Turai. Ai ta wajen nan bindigogi suke shigo mana."

Sai muka ji Lawal ya ce, "Wa aka tambaya?"

Kowa ya juya. Ya ci gaba.

"Da za a rufe, wa aka tambaya? Da za a fita, wa aka tambaya? Masu rufewa a jirgi suke tafiya, masu fita ma a jirgi suke tafiya. Mu rijiyarmu ɗaya da mutanen can, maƙabartarmu ɗaya. Yau ka ce biza. Matar da ko katin asibiti ba ta da shi, ina za ta ga biza?"

Hamani ya ce, "Wahala ce ta ɗan lokaci. 'Yanci ba ya zuwa a faranti."

"To wanda aka haifa a can cikin wannan rikici fa? Shi na wa ne?"

"Namu ne mana. Ɗan Nijar ne, ya kuma yi sa'a."

Lawal ya miƙe tsaye. Ban ma lura da gudumarsa yake zaune ba sai da na gan ta a hannunsa. Ba ɗaga ta ya yi ba, riƙe ta kawai ya yi. Friday ya janye farantinsa ya matsa. Hamani ma ya tashi, ya fi shi tsawo, ya dube shi sama da ƙasa.

Ya ce, "Ni uwata ce a can. Kai me ka ajiye a Nijar da ka fi mu zafi? Faɗi mu ji."

Amsar tana kan harshena, saura kaɗan ta faɗo. Lawal ya dube ni, idonsa ya yi ja, kallon da ke cewa Iya ki rufa mini asiri. Na haɗiye. Ya buɗe baki, ya rufe, ya juya ya bar abincinsa. Hamani ya yi tsaki ya ce dama ya sani, 'yan Najeriya sai baki. Yinin ranar nan ƙarar gudumar Lawal ta hana kowa sakat, wata mota da aka kawo da ɗan lotsawa kaɗan ita ta sha hushin. Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. In ɗaya na benci, ɗayan sai ya aiko a zuba masa a leda.

Aka shiga azumi, zafi kamar a gasa mutum. Cikinsa ne aka buɗe iyakar, Najeriya ta fara, Nijar ta biyo baya. Saƙo ya zo cewa Rumasa'u za ta taso a goman ƙarshe don ta yi Salla a ɗakinta, kuma mahaifiyarta Inna Tabawa ce za ta rako ta da gara. Lawal ya shafe ɗaki da fenti, ya ce wai bangon ne ya yi datti. Na ce ai kuwa, wata shida yana da datti sai yau ka gani.

Ranar da za su iso ina rumfa, na dafa kaɗan saboda su Friday da ba sa azumi. Bayan azahar sai ga Lawal, fuskarsa kamar an yayyafa toka. Ya miƙo mini waya. Direban motar da ta ɗauko su ne. Ya ce jami'ai sun sauke su a shingen bincike tsakanin Zuba da Dei-Dei, an karɓe yaron daga hannunsu, shi kuma fasinja sun matsa masa ya wuce. In akwai mai su, ya hanzarta.

Apo cike take da motoci, amma kowacce an farke cikinta. Guda ɗaya ce mai tashi a layinmu, tsohuwar motar Hamani. Na same shi kwance a kan taya yana fifita da kwali.

Na ce, "Tashi ka kai mu Dei-Dei. Baƙina aka tsare."

Ya hango Lawal a bayana ya ce, "Hajiya, da wanda ba ya gaishe ni?"

"Ni na ce ka tashi. In kuwa ba haka ba, kada ka sake zama a bencina har abada."

Ya tashi. Muka kama hanya. Lawal na gaba, ya dafe gwiwa da hannu biyu. Ni ina baya ina jan duk addu'ar da ta zo bakina.

Kayan garar muka fara gani a zube a bakin titi, buhun gero, tulun man shanu, ƙwaryar nakiya da rana ta fara narkarwa. Ofishin kwantena ce ta ƙarfe, cikinta kamar tanda. Inna Tabawa tana zaune a ƙasa a kusurwa ɗaya, Rumasa'u a ɗaya kusurwar, ta rufe fuska da mayafi tana shessheƙa. A tsakiya wata jami'a ce a tsaye, kakkaura, na ji abokan aikinta suna ce mata Madam Prudence. Yaron yana kafaɗarta, ya yi kuka har muryarsa ta dushe. A nan Lawal ya fara ganin ɗansa, a hannun mai kaki.

Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Kallo ɗaya ya yi wa yaron ya kawar da kai. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban surukarsa, ya shiga gaisuwa. Ina gajiya, ya hanya, ya aka baro su Baba, ya ibada. Ita ma tana amsawa kanta a ƙasa.

Na ce wa jami'ar, "Ranki ya daɗe, me suka yi?"

Hausarta irin ta Abuja ce, amma tana fita. Ta ce, "Mama, tunda aka buɗe boda an ce mu sa ido a kan masu wucewa da yara. Na ga yaro a bayan wannan tsohuwa. Na tambayi wannan yarinya, naka ne? Ya ce ba nashi ba, na Inna ne. Na tambayi tsohuwa, ya ce jika ne. Na koma wajen yarinya, yanzu kuma ya ɗaga kai wai nashi ne. Takardar haihuwa babu, sun ce a gida aka haihu. Magana biyu, Mama. In ke ce, za ki bar su?"

Hamani da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Ko dai don mun fita daga ƙungiya ne ake wulaƙanta mutanenmu?"

Ta juya ta dube shi. "Oga, ba ruwana da Ekowas. Ba wanda ya ce mini in hana ɗan Nijar wucewa. Yaro nake magana. Kai ma ɗan can ne? Me ya haɗa ka da su?"

Ya ja baya ya ce shi direba ne kawai. Ta ce to ya yi shiru.

Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari tun daga tushe. Na nuna mata gaban rigar Rumasa'u da nono ya jiƙa saboda kukan yaron. Ta duba, na ga fuskarta ta ɗan saki. Ta ce ta san kunya, kakarta ma a Kafanchan tana yi. Amma ta riga ta kira ofis, mota tana hanya, kuma ba za ta ce wa oganta ta sake su saboda kunya ba. In motar ta iso, matan za a kai su ofis a yi bincike, yaron kuma a ba masu kula da yara su riƙe har a gano na waye. Rumasa'u ta ji haka ta saki wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba.

Prudence ta tsaya a kan Lawal. "Kai ne baban yaron nan?"

Yana durƙushe ya ce, "Iyalina ne, ranki ya daɗe."

"Ban tambaye ka iyali ba. Yaron."

Ya saci kallon ƙafafun surukarsa. "Na gidanmu ne."

Ta dube ni ta buɗe hannu. "Kin gani, Mama? Mutum uku, babu wanda ya ce nawa ne."

Na ce, "Amir ake ce masa, kowa ya sani."

"Wannan na ji a bakin kowa. Tsohuwa ya gaya mini sunan yanka a waje, ni kaɗai. In wannan mutum uban ne, ya faɗa da bakinsa, ya ce ɗansa ne. In ya yi daidai, su tafi, ni zan amsa wa oga. Ke kuma Mama, in kika faɗa masa, kin ɓata."

Ta taga na hango wata farar mota ta sauka daga titi tana nufo kwantenar. Na durƙusa kusa da shi, ni da gwiwata ba ta son durƙuso, na yi ƙasa da murya.

Na ce, "Lawal, dube ni. Ka ga motar can? Wata shida kana wanke fuska a bakin rariya. In aka sa yaron nan a motar can, ban san ranar da za ka sake ganinsa ba. Marigayi da kansa in yana nan zai ce ka faɗa."

Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Leɓensa ya bushe da azumi, ya motsa shi, ba abin da ya fito. Sunan ubansa ne, sunan ɗan farinsa ne, ga surukarsa a gabansa taku ɗaya. Na ga mutum yana kokawa da abin da aka gina shi da shi tun yana yaro. Na ji kamar in kwaɗa masa mari, na kuma ji kamar in rungume shi. A waje aka kashe mota, aka buɗe ƙofa.

Sai Inna Tabawa ta dafa ƙasa ta miƙe. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, duk yinin nan da azumi a bakinta. Wani jami'i ya ce ta zauna, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juya ta fuskanci bangon kwantena har goshinta na taɓa ƙarfen, ta ja mayafi ta rufe kanta, ta toshe kunnuwanta da yatsu, ta ɗaga murya ta kama salatin Annabi. Rumasa'u ta ga haka, ita ma ta juya wa ɗakin baya.

Lawal ya ɗago kai. Ya faɗi wani abu can ƙasan maƙoshi.

Prudence ta ce, "Ban ji ba."

Ya miƙe tsaye. Ya ce, "Zulkifilu." Muryarsa ta karye a tsakiya, ya sake haɗa ta. "Zulkifilu. Sunan mahaifina ne. Ɗana ne, ranki ya daɗe. Ɗana ne na fari, yau na fara ganinsa."

Ban san hawaye na zubo mini ba sai da na ji gishiri a bakina. Prudence ta dube shi. Sannan ta ciro yaron daga kafaɗarta ta ɗora masa a hannu, ba ta ma tambaye shi ko yana so ba. Ta fita wajen waɗanda suka zo da mota, na ji tana ce musu an gama, uban ya zo.

Ya riƙe yaron kamar yadda yake riƙe gilashin mota, hannu a sanƙare, yana tsoron ya motsa. Yaron ya daina kuka, ya ƙura masa ido, ya kai hannu ya damƙi aljihun rigarsa mai baƙin mai. Lawal ya sunkuya ya sa hancinsa a kan yaron ya shaƙa. Daga nan ya tuna inda yake, ya yi sauri ya miƙo mini shi, sai da na ɓamɓare 'yan yatsun daga aljihun.

Inna Tabawa tana nan tana salati har sai da na taɓa kafaɗarta. Ta juyo ta ce, "An ƙare? Ni ban ji komi ba." Ta karɓi jikanta ta miƙa wa uwarsa, ta tsaya ta kare su da zanenta har ya sha ya ƙoshi.

Hamani kuwa ya ji komai, don a bakin ƙofa yake. Da muka fito na tarar ya riga ya loda buhun gero a but ɗin motarsa, yana ɗaure tulun man shanu da tsumma don kada ya zube. Bai dubi Lawal ba, Lawal bai dube shi ba. Muka shiga, mu mata uku a baya, yaron a cinyar kakarsa a tsakiya, Lawal a gaba ya miƙe wuya yana kallon titi kamar an dasa shi.

Mun ɗan yi tafiya Hamani ya yi gyaran murya. Na ce a raina in ya kawo zancen Sedeyawo yau sai na ci masa mutunci. Amma cewa ya yi, yana kallon hanya, "Allah shi raya."

Ni da Inna Tabawa muka ce amin. Lawal ya ce, "Tayarka ta baya tana son iska."

Hamani ya ce ya sani.

Can sai na ga hannun Lawal ya tashi a hankali ya kama madubin tsakiya, kamar mai duba ko ya yi sako-sako. Ya ɗan karkata shi ƙasa, ya mayar da hannunsa kan gwiwa. Daga inda nake ina ganin idonsa a ciki, ba titin baya yake kallo ba. Inna Tabawa ta mayar da fuskarta taga ta ce garin nan akwai duwatsu.

Lokacin masu saurin isa gida shan ruwa ne, titin Kubwa ya cika, kowa na kutse, ana ta hon. Duk sanda Hamani zai canza hannu sai ya murɗa wuya ya leƙa ta taga, har sau ɗaya wata tirela ta kusa shafar mu. Tun daga Dei-Dei har ƙofar gidanmu a Durumi haka ya yi ta tuƙi. Bai taɓa madubin ba.